Digiri Na Biyu A Falsafar Doka A Ƙasar Waje: Inda Ɗalibai Suka Fi Tuntuɓe

A digirin farko na shari'a, abin da ake tambayarka shi ne: me doka ta ce? A digiri na biyu na falsafar doka kuwa tambayar ta sauya. Mece ce dokar ita kanta? Daga ina ta samo ikon ɗaure mutum? Alƙali gano hukunci yake yi ko ƙirƙirarsa? Ɗalibi ya baro ƙasarsa da sakamako mai kyau, ya ɗauka dabarar da ta fisshe shi a baya ita za ta sake fisshe shi, sai makin aikinsa na farko ya sanyaya masa jiki. Galibin kurakuran da zan ambata daga rashin lura da wannan sauyin suke fitowa.

Mafi girmansu shi ne hadda. An ba ka tambaya, sai ka jero maganganun manyan masanan fannin: Austin ya ce kaza, Kelsen ya ce kaza, Hart ya ce kaza, ka rufe da cewa kowa na da nasa ra'ayi. Malamin da zai duba aikin ya san duk wannan tun kafin ka zo. Abin da yake nema shi ne ya ga ka shiga cikin gardamar, domin waɗannan mutane amsa juna suke yi. A 1832 John Austin ya ce doka umarni ce daga mai mulki, wadda barazanar horo ke biye da ita. H.L.A. Hart, a littafinsa na 1961, ya ce in haka ne, to ina bambancin gwamnati da ɗan fashin da ya ɗora maka bindiga ya ce miƙo kuɗi? Ya ƙara da cewa dokokin rubuta wasiyya, ɗaurin aure da ƙulla yarjejeniya ba umarni ba ne, dama suke ba ka, kuma babu mai ɗaure ka don ba ka yi wasiyya ba. Sai Ronald Dworkin ya tunkari Hart da shari'ar Riggs da Palmer, wadda aka yi a New York a 1889: jika ya kashe kakansa da guba don kada tsohon ya sauya wasiyya, dokar da ke rubuce ba ta hana shi gado ba, amma kotu ta hana shi bisa ƙa'idar cewa mutum ba ya cin ribar laifinsa. To wannan ƙa'idar doka ce ko ba doka ba ce? In doka ce, wa ya kafa ta? Nan ne ake son jin bakinka. Gyaran yana da sauƙin faɗi: duk abin da ka karanta, rufe littafin ka rubuta da'awar marubucin a jimla ɗaya, sannan dalilansa, sannan suka mafi ƙarfi da za a iya yi masa, sannan inda kai ka tsaya. In ka kasa rubuta jimlar farko, ba ka gama karatun ba tukuna.

Sai dogaro da taƙaitattun bayanai na intanet da littattafan share fage maimakon asalin rubutun. Wannan ne ke haifar da kuskuren da ya fi ci mini rai, wato cewa wai masu raba doka da ɗa'a suna koyar da a bi kowace doka komai muninta. Hart bai faɗi haka ba. Abin da ya ce shi ne, kasancewar abu doka daban, cancantar a yi masa biyayya daban. Duba muhawararsa da Lon Fuller a mujallar shari'a ta Harvard a 1958, inda suka yi ja-in-ja kan wata mata da ta kai ƙarar mijinta a zamanin 'yan Nazi saboda ya zagi Hitler, aka gurfanar da ita bayan yaƙi. Gustav Radbruch, masanin shari'a ɗan Jamus, ya riga ya rubuta a 1946 cewa dokar da zaluncinta ya wuce iyaka ta rasa matsayinta na doka. Hart ya ce gara a faɗi gaskiya: doka ce, muguwa ce, in za a hukunta matar a fito fili a yi sabuwar doka mai komawa baya, a san an sadaukar da wani abu. Fuller ya ce tsarin da ke mulki da dokokin ɓoye da na tsoratarwa bai cika sunan tsarin doka ba tun farko. Babu taƙaitawar da za ta ba ka zafin wannan gardamar. Kuma kada jinkirin karatunka ya karya maka gwiwa. Shafi goma na Kelsen ko Joseph Raz na iya cinye maka yamma guda, har waɗanda aka haifa cikin harshen ma haka suke fama.

Wani kuskuren ya fi shafar baƙo: ya ajiye ilimin da ya zo da shi a bakin ƙofa, yana ganin ba shi da wuri a ajin. Asara ce babba. Wanda ya karanta Usulul Fiƙihu ya riga ya san tambayoyin tushen hukunci, kiyasi da fassarar nassi, waɗanda Imam Shafi'i, da ya rasu a 820, ya tsara a Risala, ya kuma san Maƙasidus Shari'a da Shaɗibi, da ya rasu a 1388, ya faɗaɗa. Wanda ya fito daga ƙasar da dokar gwamnati, ta addini da ta gargajiya ke aiki tare ya ga da idonsa abin da wasu abokan karatunsa ke karantawa a takarda kawai. Wanda ƙasarsa ta taɓa ganin juyin mulki kuwa, Kelsen, wanda ya ce juyin mulkin da ya yi nasara yana kafa sabon tushen doka, ba tatsuniya ba ne a wurinsa. Kotun ƙolin Pakistan ta dogara da ra'ayinsa a shari'ar Dosso a 1958 ta halatta juyin mulki, kotun Yuganda ta yi makamancin haka a shari'ar Matovu a 1966, sannan Pakistan ta janye daga wannan matsayi a shari'ar Asma Jilani a 1972. Ga tambayar da ta isa kundi guda: Kelsen bayani yake yi wa masu nazari, ko umarni yake ba alƙalai? Sai dai a yi hattara da kishiyar kuskuren, wato gaggawar daidaitawa. Cewa ƙa'idojin Dworkin su ne Maƙasid, ko dokar ɗabi'a ta John Finnis ita ce fiɗira, magana ce mai daɗin ji da ke rushewa da tambaya ɗaya. Nuna inda suka yi kama, ka kuma nuna inda suka rabu, domin a rabuwar nan makin yake.

Akwai kuma shiru a aji. Da yawa an tarbiyyantar da su cewa musu da malami rashin kunya ne, kuma ladabi abu ne mai kyau da ba na so kowa ya yar. Amma a wannan fanni, suka mai hujja girmamawa ce. Raz da Finnis duk ɗaliban Hart ne a Oxford, kuma Hart ne ya nemi Finnis ya rubuta littafinsa na 1980, wanda ya bi hanyar da ba ta Hart ba. Shi kansa Hart ya shafe shekarunsa na ƙarshe yana shirya wa Dworkin amsa, aka buga ta a 1994 bayan rasuwarsa. In harshe ne ke ɗaure maka baki, rubuta tambaya ɗaya tun daga ɗaki, ka yi ta da wuri kafin hira ta yi nisa. Ka kuma riƙa zuwa ofishin malami a sa'o'in da ya ware wa ɗalibai, don haƙƙinka ne.

Wasu kurakuran tun kafin a hau jirgi ake yin su. Shirye-shiryen ba iri ɗaya ba ne. A Birtaniya da Amurka an fi karkata ga Hart, Dworkin da Raz, a Jamus kuwa za ka fi haɗuwa da Robert Alexy, Habermas da Luhmann. Karanta jerin darussan, ka duba abin da malaman wurin suka wallafa, kada sunan jami'a kaɗai ya ja ka. Sannan wannan digiri ba lasisin aikin lauya ba ne. Jihar New York, alal misali, tana buƙatar wasu darussa takamaimai daga lauyan waje kafin ya zauna jarrabawarta, don haka in can ka dosa, tsara zaɓinka tun ranar farko.

Kundin kammalawa shi ne inda ake yin kuka. Shirin shekara ɗaya ne a wurare da yawa, kuma wanda ya bar tunanin kundi sai bayan jarrabawa ya makara. Maudu'i irin "dangantakar doka da adalci" ba ya rubutuwa a kalmomi dubu goma sha biyar. Matse shi ya zama tambaya ɗaya da za a iya amsa ta da e ko a'a, misali ko bayanin Hart kan yadda ake tantance doka zai iya ɗaukar ƙasar da kotunanta ke aiki da tushen doka fiye da ɗaya. Kai wa mai duba aikinka shafi biyu da wuri, ya fi ka kai masa shafi arba'in a ƙurarren lokaci. Game da satar fasaha, sauya kalmomin wani ba tare da ambaton sunansa ba sata ce, ko da niyyarka tsarkakakkiya ce. Mafi yawanta daga littafin rubutu take farawa, inda maganarka da ta marubuci suka cakuɗe har ka manta wacce ce taka. Sa alamar zance da lambar shafi a lokacin da kake kwafa, ka koyi salon ambaton madogara da sashenku ke bi, kamar OSCOLA a yawancin makarantun shari'a na Birtaniya, tun makon farko. In kana haɗa karatu da aiki, ka san iyakar bizarka: a Birtaniya sa'o'i 20 ne a mako lokacin zangon karatu, kuma a watannin rubuta kundi tambayi ofishin ɗaliban waje ko jami'arku na lissafa su a matsayin hutu kafin ka karɓi ƙarin aiki.