Yadda za ka gano gidan abinci mai araha a birnin bakin teku

Gidan abincin da ke fuskantar teku shi ke biyan haya mafi tsada a gari, kuma yawancin masu zama a teburinsa ba za su sake dawowa ba. Waɗannan abubuwa biyu su ke yanke farashin faranti da ingancinsa. Mai gidan bai dogara da gamsuwarka ba, domin gobe wani jirgi zai sauke wasu baƙin. Gidan da ke can cikin unguwa kuwa, masu cin abincinsa na yau su ne na jiya, su ne na gobe. Ranar da ya rage hannu ko ya dafa kifin da ya kwana, a ranar zance zai zaga unguwa. Don haka aikin da ke gabanka guda ne: ka gano inda ma'aikatan birnin ke cin abincin rana, ka kuma isa a lokacin da suke isa.

Fara da taswira

Tun kafin yunwa ta kama ka, buɗe taswirar birnin ka ware wurare uku da za ka kauce musu wajen cin abinci: titin shan iska na bakin ruwa, babban dandalin tsohon gari, da kewayen tashar da manyan jiragen yawon buɗe ido ke tsayawa. Sannan ka sa alama a wuraren da mutane ke wuni suna aiki: tashar masunta, kasuwar kifi ta 'yan sari, babbar tashar mota, babban asibiti, jami'a, da unguwar ofisoshin gwamnati. A kula, tashar masunta daban take da wurin ajiye jiragen shaƙatawa na masu kuɗi. Ta farko tana da ƙarni, da raga a shanye, da motocin ƙanƙara. Ita ake nema.

Kuskuren da aka fi yi shi ne bin gaɓar teku a tsawonta ana neman wuri mai sauƙi. Hayar bakin ruwa mai tsada ce kusan duk inda ka bi. Juya wa tekun baya ka nausa cikin gari, tafiyar minti 10 zuwa 15, wato kamar mita 800 zuwa kilomita 1. Za ka san ka iso idan shagunan tsaraba da na canjin kuɗi sun ɓace, ka fara ganin kantin magani, shagon aski, mai sayar da kayan gini, makaranta, da wanki a shanye a baranda. A wasu biranen ruwan kansa ne hanya: a Istanbul, jirgin fito daga Eminönü zuwa Kadıköy bai kai rabin awa ba, kuma yana sauke ka a ɓangaren da mazauna gari suka fi yawa a kasuwa da gidajen abinci.

Lokaci

Abincin rana na ranar aiki shi ne mafi araha a kusan kowane birni, saboda an tsara shi don ma'aikaci mai hutun awa guda. A Sifen ana kiransa menú del día: faranti na farko, na biyu, burodi, abin sha da ɗan kayan zaƙi ko kofi a kan farashi ɗaya, kuma cin rana a can yakan kankama ne wajen ƙarfe 2. A Fotugal za ka ga prato do dia a rubuce a allo. A Turkiyya akwai esnaf lokantası, gidan abincin masu sana'a, inda ake dafa tukwane tun da safe a jera su bayan gilashi, kai dai ka nuna da yatsa. Koyi sunan wannan tsari a harshen ƙasar da za ka je, domin da shi za ka yi tambaya da bincike.

Ka san lokacin cin garin. Wanda ya je da wuri ƙwarai zai tarar da gida babu kowa ya ɗauka ba shi da kyau, wanda ya makara kuma zai tarar da gindin tukunya. Ka isa kamar minti 15 kafin ma'aikata su fito. Da yawa daga irin waɗannan gidaje ba sa buɗewa da dare ko ranar hutun mako.

Wa za ka tambaya

Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san wanda ya tambaya. Mai karɓar baƙi a otal, ɗan rakiyar masu yawon buɗe ido, da direban tasi da ke jira a ƙofar tasha, wasunsu suna da kamasho a gidajen da suke kai mutane. Tambayi mai sayar da kifi, mai shara a otal, ma'aikacin kantin magani ko direban bas. Kada ka ce "ina ne wuri mai kyau?", domin za su tura ka inda suke ganin ya dace da baƙo. Ka ce: "Yau a ina ka ci abincin rana?" Idan mutum biyu da ba su san juna ba suka ambaci layi ɗaya, je can.

A waya kuma, rubuta bincikenka a Google Maps da harshen garin. Jera ra'ayoyin mutane daga mafi sabo, ka duba da wane harshe aka rubuta su. Ra'ayi 200 da yawancinsu na 'yan gari ne sun fi dubu biyar na baƙi. Duba hoton takardar farashi tare da ranar da aka ɗora shi, don tsohon hoto na iya ruɗa ka.

Abin dubawa daga bakin ƙofa

Tsaya minti biyu kafin ka shiga. Mutum a waje yana kiran masu wucewa, hotunan abinci da rana ta kodar, jerin abinci a harsuna biyar ko shida, da gidan da ke sayar da abincin ƙasashe daban-daban a lokaci guda, duk alamu ne cewa ba da kai aka damu ba. Kicin ƙarami ba zai iya dafa abinci kala 80 sabo ba, dole yawancinsu daga firiza suke fitowa. Abin da kake nema shi ne gajeren jeri, kala 5 zuwa 10, a allo ko takardar da ake sauyawa kullum, da farashi a gefen kowanne. Dubi mazauna teburin: masu kayan aiki, tsofaffi, mutum shi kaɗai yana ci yana hira da mai gida. Idan an goge wani abu daga allo saboda ya ƙare, wannan alheri ne, yana nuna an sayo daidai na yini.

Kifin da ake sayarwa da awo

A nan ne aljihun baƙi ya fi zubewa, ko a gidan da yake na kirki. A Italiya sau da yawa ana rubuta farashin kifi all'etto, wato na giram 100, a Girka kuma na kilo guda. Baƙo ya ga ƙaramin adadi ya ɗauka kuɗin faranti ne, sai a kawo masa kifi mai giram 900, lissafi ya ninka sau tara. Matakan kariya su ne: ka je ka zaɓi kifin da kanka, a ɗora shi a sikeli a gabanka tun yana ɗanye, a faɗa maka jimillar kuɗin, in da hali a rubuta, kafin ya shiga wuta. Kifi guda mai giram 350 zuwa 450 ya ishi mutum ɗaya, domin kusan rabin nauyinsa kai ne da ƙaya da kayan ciki. Mai kilo guda na mutum biyu ne ko uku. Jatan lande manya da ƙaguwa su ma haka ake auna su.

Mafi araha kuma mafi sabo shi ne ƙaramin kifin da ake kamawa da yawa a wannan lokacin na shekara, irin su sadin. Tambayi wanne ne kamun yau. Ba kowane kifin bakin teku ne daga tekun ya fito a ranar ba. A Turkiyya, alal misali, ana hana manyan jiragen masunta kamun kifi daga 15 ga Afrilu zuwa watan Satumba, don haka mai yawa daga abin da ake ci a tsakiyar lokacin baƙi kifin kiwo ne ko na firiza. A Italiya ana sa alamar tauraro a gefen abincin da aka yi da kayan firiza. Kifin firiza ba laifi ba ne, amma kada a sayar maka da shi a farashin sabon kamu. Haka nan bayan kwanakin iska mai ƙarfi da ƙananan jirage ba su fita ba, ka zaɓi wani abu.

Sabon kifi idonsa garau yake a tashe, idan ka ɗaga murfin gefen kansa cikin ja ne, namansa kuma yana dawowa idan ka danna. Ya kamata ya kasance kwance cikin ƙanƙara. Idan farashin ya yi ƙasa fiye da na maƙwabta sosai, banza ba ta kai zomo kasuwa. Tuna, sadin da danginsu idan suka daɗe cikin zafi suna tara sinadarin histamin, wanda dafuwa ba ta kashe shi. Alamarsa ɗanɗano mai yaji-yaji a harshe, sannan jan fuska, ƙaiƙayi da ciwon kai cikin ɗan lokaci. Da ka ji haka ka daina ci, idan numfashi ya yi nauyi ka nufi asibiti. Dafaffen abincin da ke jere kuwa ya zama yana tururi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙe shi sama da digiri 60, kada ya wuce awa 2 a ajiye ba zafi ba sanyi.

Ƙananan kuɗin da ke shiga lissafi

A Fotugal, burodi, zaitun da cukun da ake ajiye maka kafin ka yi oda ba kyauta ba ne. In ka ci ka biya, in ba ka so ka ce a ɗauke. A Italiya akwai coperto, kuɗin zama na kowane mutum, wanda ya kamata ya fito a takardar farashi. A wurare da dama teburin waje ya fi na ciki tsada, ci a tsaye a gaban kantar mai sayarwa kuma ya fi duka sauƙi. Duk abin da mai kawo abinci ya ba ka shawara da baki, tambayi kuɗinsa nan take. Idan akwai abin da ba ka ci, rubuta shi da harshen garin a takarda ka nuna, kuma ka tambayi abin da aka sa a romo da miya, domin giya da kitse a can suke ɓuya.

Riƙe ƙananan takardun kuɗi, ƙananan gidaje da yawa ba sa karɓar kati. Inda suke karɓa, na'urar za ta iya tambayarka ko a cire da kuɗin ƙasarka ko da na ƙasar da kake. Zaɓi na ƙasar da kake, domin canjin da na'urar ke yi ya fi na bankinka tsada. Karɓi rasit, ka bi shi layi-layi da abin da aka kawo teburinka kafin ka miƙa kuɗi.