Kurakuran da muke yi wajen zaɓen gwanayen kakar wasa

Da zarar kakar wasan ƙwallon ƙafa ta zo ƙarshe sai a tashi zaɓen 'yan wasa goma sha ɗaya da suka fi fice, a Facebook ko a majalisar gidan kallo. Mu magoya bayan Katsina United ma ba a barin mu a baya, sai dai yadda muke jefa ƙuri'ar yana damuna ƙwarai.

Babban kuskurenmu shi ne raga kaɗai muke kallo. Wanda ya ci ƙwallo shi ne gwani, ɗan bayan da ya hana a zura mana uku kuwa ko sunansa ba a kira. Sai ka ga mutum ya jera 'yan gaba biyar babu mai riƙe tsakiya ko ɗaya, jerin da babu kocin da zai shiga fili da shi. Ciwon ba namu ba ne mu kaɗai, domin tun da aka fara ba da Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallo na shekara, a 1956, gola ɗaya ne ya taɓa lashe ta, wato Lev Yashin a 1963. Maganinsa, ka fara cike gurbin gola da 'yan baya da lamba shida, wato mai riƙe tsakiya, kafin ka waiwayi gaba, kuma kowa ka auna shi da aikin gurbinsa.

Akwai kuma zaɓe da zafin wasan jiya. Yaro ya haska sau biyu a filinmu na gida, Muhammadu Dikko, shi ke nan an manta da wanda ya yi wata takwas yana ɗauke da ƙungiya, har a wasannin waje da yawancinmu ba mu gani ba. Kafin ka zaɓa, duba wasa nawa mutum ya buga, nawa ya yi a benci.

"Ɗan unguwarmu ne" ba hujja ba ce. Ka so shi, amma ƙuri'a ta wanda ya yi aiki ce.

Wasu kuma suna ɗauka ƙuri'ar magoya baya ce ke yanke hukunci, in gwaninsu ya faɗi su ce an yi maguɗi. A kyautar The Best da FIFA ke ba gwarzon ɗan wasan shekara, kashi ɗaya cikin huɗu ne namu, sauran na kociyoyi ne da kyaftin-kyaftin da 'yan jarida. Karanta ƙa'idar zaɓen tukuna. In kuma aka turo maka shafin zaɓe a WhatsApp yana neman lambar BVN ko ta katin banki, rufe shi nan take, ka nemi shafin ƙungiyar na ainihi.