Yadda za a jagoranci 'yan coci yawon yamma a gaɓar teku

Kafin a sanar da ranar fita a coci, sai mai jagora ya duba jadawalin cikowa da janyewar ruwa na gaɓar da za a bi. Shi zai yanke sa'ar tashi, ba lokacin da aka idar da sujada ba. A yawancin gaɓoɓi ruwa kan ciko sau 2 ya janye sau 2 cikin awa 24 da minti 50, wato kullum lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50. Wanda ya kewaya hanyar ranar Asabar ɗin makon jiya ya tarar da rairayi shimfiɗe, yana iya komawa wannan Asabar ɗin a daidai sa'ar ya tarar ruwa ya shafe wurin.

A sauka kan rairayi kamar awa 2 kafin ruwa ya gama janyewa, a hau tudu tun bai juyo da ƙarfi ba. Cikowar ruwa akwai yaudara: a awa ta farko kashi 1 cikin 12 kawai yake hawa, har mutum ya ce ai babu komai, amma a awa ta 3 da ta 4 rabin cikowar gaba ɗaya ke zuwa. Kuma ba ta gabanka yake tare ka ba. Ƙoramu yake bi ya zagayo ta baya, ya rufe hancin dutsen da kuka zagayo ɗazu. Kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa ruwan ya fi kaiwa nesa.

Lissafin tafiya kuwa, ƙa'idar da William Naismith, wani mai hawan duwatsu ɗan Scotland, ya kafa a 1892 ta ba da awa 1 ga kilomita 5, da ƙarin awa 1 ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan na ƙarfafan matafiya ne. Inda akwai dattawa da yara, a ƙiyasta kilomita 3 a awa, hanya kada ta wuce kilomita 6 zuwa 8, a kuma gama da saura awa 1 rana ta faɗi. Busasshen rairayi na cinye ƙafa, gara a bi ta mai danshi wanda ruwa ya daddale.

Mutum ɗaya a gaba wanda ba a wuce shi, wani a baya riƙe da akwatin taimakon gaggawa wanda ba a barin kowa a bayansa. A ƙirga kawuna wajen tashi, da kowace mararraba, da bayan kowane hutu. Kowa da ruwan sha lita 1, takalmi mai ɗauri da ƙasa mai kama hanya, da rigar tare iska. Silifas dai a bar shi a gida.

A saman dutse ciyawa kan rufe bakin da ƙasansa ya riga ya rarake, sai wurin ya yi kama da ƙasa mai ƙarfi alhali iska ce a ƙarƙashi. Hoton rukuni ya fi komai jawo wannan hatsari, don na layin baya ja da baya suke yi ba su duba ba. A tsayar da su suna jingine da ɓangaren tudu. Gindin dutse ma ba wurin zaman addu'a ko cin guzuri ba ne, duk da inuwarsa; idan aka ga sabbin ɓaraguzai masu kaifi da launin da bai dushe ba, kwanan nan wurin ya zaftare, musamman bayan ruwan sama mai yawa. Duwatsu masu koren gansakuka santsi gare su kamar sabulu.

Waya kan rasa sabis a gindin dutse, don haka a bar wa wani a coci bayanin hanya da lokacin dawowa. Idan ruwa ya tare ku, kada a ratsa shi, kada a yi ƙoƙarin hawa fuskar dutse. A matsa wuri mafi tudu sama da layin ciyawar teku da cikowar da ta gabata ta zubar, a kira masu ceto a teku tun da sauran haske.