An goge maka mota a Berger? Kurakuran da ke sa a yi biyu-babu

Duk mai bin shataletalen Berger ko hanyar Nyanya a Abuja da yamma ya san abin: sai ka ji ƙwas, bamba ta tsage, fitila ta fashe, direbobi sun fito ana kumfar baki, na baya suna ta danna oda. Daga nan kuskure ke farawa, tun ba a kai ga zancen inshora ba.

Wanda ya fi yawa shi ne mutum bai san wace takarda yake yawo da ita ba. Akasarinmu inshorar tad-fati gare mu, wadda ake haɗo mana lokacin sabunta takardun mota. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida, maimakon 5,000, ta kuma ɗaga diyyar dukiyar wani zuwa naira miliyan 3. To, a kalmar "wani" ɗin nan zancen yake. Motar da ka buga take gyarawa, taka kuwa ko sisi. Sai ka ga wanda ya daki bayan motar mutane yana cin bashi ya biya, alhali nauyin kamfaninsa ne. Wani kuma ya yi ta sintiri a kan ƙofarsa da ta lotse, a banza. Idan kai aka buga, kamfanin wanda ya buge ka za ka nema. Kuma tun yau ka duba lambar motarka a rumbun bayanan inshora na intanet, wato NIID, don takardun jabu sun yi yawa, musamman waɗanda ɗan kamasho ya miƙo ta taga.

Sai sulhun bakin titi. Mu da kunya, kafin a ce me, an ce, "Alhaji, yi haƙuri, laifina ne, zan gyara." Ba da haƙuri tarbiyya ce, amma yawancin yarjejeniyoyin inshora sun hana ka ɗauki laifi ko ka yi alkawarin biya ba da sanin kamfani ba. Ka tambayi lafiyar ɗaya direban, ka ɗauki hotunan motocin biyu kafin a matsar da su, da lamba, da takardar inshorarsa. Rahoton 'yan sanda ma kada ka raina shi, kamfanoni kan nema idan da motar wani a ciki. Wanda ya ce "a bar wa Allah" da la'asar yana iya kiranka da safe da lissafin bakanikensa.

Ga masu cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota, matsalarsu rashin lissafi ce. Akwai kason da kai za ka fara biya a kowane gyara, yana rubuce a takardarka, ga kuma rangwamen da ake yi wa wanda ya shekara bai nemi diyya ba. A ce gyaran na dubu 70 ne, kasonka dubu 50. Kan dubu 20 za ka cike fom, ka jira, ka kuma rasa rangwamen baɗi? Ni dai ba zan yi ba. Amma kada ka yanke hukunci da ido. Bambar motocin yanzu roba ce, takan koma daidai ta ɓoye lagireto da ya fara yoyo ko tukunyar esi da ta lanƙwashe. Bari bakanike ya kwance ya gani tukuna.

Gani fa na ce, ba gyara ba. Da yawa sukan wuce garejin bakanikai na Apo kai tsaye, a buga bodi, a fesa fenti, sannan su kai rasit. Kamfani zai ce mai ƙiyasinsa bai ga ɓarnar ba, kuma da gaskiyarsa.

Na ƙarshe shi ne yin shiru. Sanar da kamfani daban, neman diyya daban. Ka aika musu saƙo a rubuce ranar da abin ya faru, ko da niyyarka ka biya da kanka, don akwai wa'adin sanarwa a takardar. Idan ɗaya direban ya dawo bayan mako uku yana cewa wuyansa na ciwo, wannan saƙon da hotunan za a fara tambayarka.