Kwamfuta ta daina ganin faifan ajiya: kurakuran da ke ƙarasa bayanai

Da yawa daga cikin faifan ajiyar da ake kai wa masu gyara a Katsina ba su mutu ba a lokacin da kwamfuta ta daina ganinsu. Abin da mai kayan ya yi daga baya, cikin ruɗewa, shi ke ƙarasa su. Ɗalibin jami'ar Umaru Musa Yar'adua da aikin kammala karatunsa ke ciki, ko mai ɗaukar hoton biki da bai ba amarya hotunanta ba, duk gaggawa ɗaya ce ke cin su.

Kuskuren farko shi ne yanke hukunci tun ba a duba ba. Allo ya nuna "No bootable device", ko a laftof ɗin HP ya nuna "Hard Disk 3F0", sai a ce faifai ya ƙone. Shiga BIOS tukuna, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga da danna maɓalli tun tana tashi: F2 a Dell, F10 a HP, Del a yawancin kwamfutocin tebur. Idan sunan faifan ya bayyana a can, to galibi yana raye, matsalar ta Windows ce ko ta jerin abin da kwamfuta ke tashi da shi. Idan bai bayyana ba, kashe ta, zare caja da batir in yana fita, ka duba ko faifan ya goce daga mazauninsa. Laftof da ke shan jijjiga a bayan babur ko cikin Keke Napep yakan yi haka. A ta tebur kuwa, canza wayar SATA, wadda ke haɗa faifan da allon kwamfutar, ka gwada wani ramin. Na waje mai USB ma, a fara da sauya waya. Babban faifai mai inci 3.5 yana buƙatar wutar bolt 12, wadda ramin USB ba ya bayarwa, don haka sai da adaftarsa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne amsa wa Windows da "to". Ka haɗa faifan da wata kwamfutar, sai saƙo ya fito cewa sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi, ko a Disk Management, sashen Windows da ke nuna faifai, a ce ka danna "Initialize". Kada ka yarda. Windows ta kasa karanta taswirar faifan ne kawai, fayilolin suna nan inda suke, kamar laburare da kundin jerin littattafansa ya ɓata. Wani lokaci ma harafi kawai ya rasa, irin D ko E, kana ba shi ya fito. Idan kuma ya nuna RAW, wato Windows ba ta gane tsarinsa ba, manhajar TestDisk, wadda kyauta ce, takan dawo da taswirar. Haka nan a guji sakar masa chkdsk, manhajar Windows mai duba faifai, tun ba a kwashe kaya ba, domin aikinta daidaita tsarin faifai ne, kuma tana iya datse fayilolinka garin yin hakan.

Sai kunne. Kanga faifan kusa da kunnenka lokacin da wuta ta shige shi. Lafiyayye yana juyawa sumul, sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Idan ka ji ƙas-ƙas-ƙas, ko ƙara kamar ana gurza abu, allurar da ke karatu ce ta samu matsala, kuma duk kunnawar da ka ƙara tana iya karce fuskar da bayananka ke kwance a kai. Nan ne mutane ke ta kashewa da kunnawa, wai ko za a dace. Zare shi ka ajiye. Babu manhajar da ke gyara ƙarfe.

Daga nan wasu ke ɗauko sukuddireba su buɗe murfin. Tazarar da ke tsakanin allurar da faifan ba ta kai ƙwayar ƙura ba, shi ya sa ƙwararru ke buɗe shi a ɗaki mai tataccen iska. Ka tuna ƙurar da hunturu ke shimfiɗa mana a kan tebur cikin dare ɗaya. Sa shi a firij da wasu ke ba da shawara, raɓa kawai yake tara masa a ciki. Bubbuga shi kuwa ba ma sai an faɗa ba.

In Allah ya sa faifan ya karanta, kada ka zuba abin da ka ceto a kansa, kada kuma ka sa manhajar ceton a cikinsa. Duk sabon abin da ya hau yana iya danne tsohon da kake nema. Nemo wani faifan, ka sa manhajar ceto irin Recuva ko PhotoRec ta zuba a can. Faifan da ke sanɗa ko yana tsayawa, gara a fara kwafe shi ɗungurungum da manhajar ddrescue, sannan a yi binciken a kan kwafin. Aiki ne na sa'o'i, don haka kada a fara shi da wutar da za ta iya ɗaukewa a tsakiya. A samu inbata ko sola, ko laftof mai batir mai ƙarfi. Mai SSD, wato faifan da babu abin da ke juyawa a cikinsa, ya ƙara sani cewa abin da aka goge a kansa yakan tafi da wuri saboda tsarin TRIM da ke share gurbin abin da aka goge, kuma shi ba ya yin wani sauti kafin ya mutu.

A shagon gyara kuma, kada ka tsaya a "Malam, ta ƙi tashi". Mai gyara zai ɗauka kwamfuta mai aiki kake so, ya ɗora sabuwar Windows a kan kayanka. Ce masa, "Malam, bayanan nake so, don Allah kada a yi fomat, kada a ɗora komai sai an kwashe." Idan faifan na kulle da BitLocker, tsarin kulle faifai na Windows, tafi da mabuɗinsa mai lambobi 48, wanda galibi yana ajiye a asusunka na Microsoft, domin in babu shi ko an kwafe faifan ba za a iya buɗe fayil ko ɗaya ba.