Yadda Ake Gina Labarin Almara a Kan Tatsuniyoyi

Marubucin da ke Garwa ko Marwa a arewacin Kamaru ya fara da abin da ya ji a bakin kakarsa, wato Gizo da Ƙoƙi da Dodo. Daga nan sai ya bi sawun taurarin tatsuniyoyin da cinikin bayi ya tsallakar da su teku, domin Anansi na mutanen Akan na ƙasar Ghana, wanda shi ma gizo-gizo ne mai wayo, ya zauna daram a Jamaika, Legba, abin bautar mutanen Dahomey (a ƙasar Benin ta yau) kuwa, ya zama Papa Legba a Haiti. Wannan na biyun a taɓa shi da hattara, don har gobe akwai masu bauta masa. Sannan a sauko da su zamanin yau: a ɗora Gizo a kan babur bisa gadar Binuwai, mai binsa bashi yana ta kiran wayarsa.