Yadda ake zaɓen mofa mai matse kanta da amfani da ita

Mofar da na fi yarda da ita ita ce mai bututun roba a jikin sanda. An ɗaure zarenta wuri biyu: ƙasa a bakin sandar, sama a jikin bututun. Idan kika ja bututun sama, zaren zai miƙe. Sai ki murɗa, ruwan dauɗa ya zube a bokiti ba tare da hannunki ya taɓa shi ba. Ga mai jego ko mai ciwon baya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

A kasuwa kada ki biya sai kin gwada. Murɗa bututun ki kasa kunne. Ya kamata ki ji ƙas-ƙas-ƙas, haƙoran ciki ke nan da ke hana shi warwarewa. In kin saki ya juya baya da kansa, ajiye ta, komai kyan launinta. Ki duba kuma ko kan mofar yana ciruwa, don wanki ko sauyi. Sandar ƙarfe mai fenti daga ƙasa take fara tsatsa, shi ya sa nake zaɓen ta alminiyom.

Ki yi shara tukuna, musamman da hunturu, in ba haka ba ƙurar za ta zama taɓo. A kan tayil ki matse sosai saboda santsi, yara na gudu. Siminti kuwa yana shan ruwa, ki bar ɗan danshi.

In kin gama, ɗauraye ta da ruwa mai tsabta, ki matse, ki sassauta bututun, ki rataye ta a tsakar gida. In ta kwana a bokiti, wari za ta yi, zaren ma ya ruɓe.